Bashin Mai Burodi: Mako Uku a Holan

Kafin in taka ƙasar Holan, abu ɗaya na sani nata, shi ne atamfa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da shago a Kantin Kwari, kuma tun ina aji huɗu na firamare ni nake riƙe masa littafin bashi, don ya ce rubutuna ya fi na yayyena fita. In an taso daga makaranta sai in haye kan dila in buɗe littafi a cinya: wance ta ɗauki turmi biyu, ta ba da kaza, saura kaza. Holandis ita ce sarauniyar shagon. Ba a jera ta a ƙasa inda ƙura za ta same ta, can sama take, sai mai haɗa lefe ya zo a sa tsani a sauko da ita. To da wurin aikinmu suka tura ni kwas na mako uku a garin Delft kan sarrafa ruwan noman rani, Hajiyarmu ba ta tambaye ni komai a kan karatun ba. Cewa ta yi, "Garin atamfa za ka ke nan."

Ɗan yayata ne ya tarbe ni, yana karatu a jami'ar fasaha ta garin. Farkon Nuwamba ne, yayyafi ba ya ɗaukewa, ga iska mai ratsa riga uku, Magariba kuma kafin ƙarfe biyar ta yi. Muna fitowa daga tashar jirgin ƙasa na tsaya a kan wani jan daɓe ina gyara jaka, sai na ji ƙararrawa ta ko'ina, wata dattijuwa a kan keke ta gifta ni kamar kibiya tana faɗin abin da na gode Allah ban fahimta ba. Yaron ya fizgo ni gefe yana dariya. "Kawu, jan nan hanyar kekuna ce. Ko sarkin ƙasar ne ya tsaya a kai ba za su taka masa birki ba."

Ni ba mutumin zane ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Na tashi ina jin abin da malamai ke cewa game da hoton mai rai, kuma a ɗakin mahaifinmu ban da hoton Ka'aba da kalandar kamfanin atamfa babu abin da aka rataye. Abin da ya kawo ni kanal ne da madatsa da injin ɗaga ruwa, a ƙasar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata teku ya fi shi tudu. Ranar Asabar ta farko yaron ya ce mu zaga gari. Muka bi bakin wani kanal har gindin tsohuwar cocin garin, wadda hasumiyarta ta karkace kamar mai leƙen ruwa. Yanzu masu kallon tarihi sun fi masu ibada shiga cikinta. Daɓenta duk duwatsun kabari ne, a kansu ake tafiya, abin da ya sa na riƙa ɗaga ƙafa a hankali kamar mai tafiya a gonar da aka yi wa shuka. Ya nuna mini wani dutse da aka rubuta Johannes Vermeer, 1632 zuwa 1675, ya ce shahararren mai zane ne. Na ce Allah sarki, na yi gaba. Sai ya ce, "Kawu, wannan da ya mutu mai gidan burodi na bin sa sama da gilda 600, kuɗin ƙasar na da."

Nan na dawo da baya.

Ashe mutumin nan a garin aka haife shi, ya yi aure a 1653, a garin ya mutu yana da shekara 43. Zaman gidan surukai ya yi, a gidan uwar matarsa Maria Thins, mace mai abin hannu, ya kuma bar 'ya'ya goma sha ɗaya a raye. Hannunsa ba shi da sauri: zanensa da aka sani yau ba su kai 40 ba, a aikin shekara ashirin da 'yan kai. Duk wanda ya taɓa riƙe gida zai iya yin lissafin da kansa, baki goma sha uku da zane biyu ko uku a shekara. Wata guda bayan rasuwarsa matarsa Catharina Bolnes ta ɗauki zane biyu ta kai wa mai burodin, Hendrick van Buyten, a bakin bashin, da sharaɗin in ta samu hali za ta fanshe su. Wanda hukumar gari ta naɗa ya kula da abin da ya bari da masu bin sa bashi kuwa, Antonie van Leeuwenhoek ne, mai shagon yadi, wanda daga duba zaren yadi da gilashin ƙara girma ya kai ga gano ƙananan halittun da ke yawo a cikin ɗigon ruwa. Shi ma a cocin nan yake kwance, taku kaɗan daga Vermeer. Ɗan mai sayar da atamfa da ya zo karatun ruwa, ka ga dole in tsaya a kansa in ɗan jima.

Abin da ya karya Vermeer ma ruwa ne, ta wata fuska. A 1672 sojojin Faransa suka shigo ƙasar, sai mutanen Holan suka buɗe madatsunsu da hannunsu suka malale gonakinsu don su tare hanyar Amsterdam. Dabarar ta yi aiki, har malaminmu na kwas ya kawo ta a aji da alfahari. Amma cikin gonakin da ruwa ya cinye har da na surukar Vermeer, kuɗin haya ya tsaya, kasuwar zane ta mutu murus, don mai gudun yaƙi ba ya sayen abin rataye wa a bango. Matarsa ta shaida wa hukuma daga baya cewa damuwar rashi da nauyin yara suka kayar da shi, cikin kwana ɗaya da rabi ya tashi daga mai lafiya zuwa gawa.

A Delft babu ko zanensa ɗaya. Washegari muka hau jirgin ƙasa zuwa birnin Hague, tafiyar da ba ta kai kwata ba, tare da wani abokin karatuna ɗan zangon Kumasi, wanda muke hira da shi da Hausa yana cin gyaran tawa ina cin gyaran tasa. Gidan zanen sunansa Mauritshuis, ɗan madaidaicin gida a bakin tafki kusa da tsoffin gine-ginen majalisa. Wanda ya gina shi, Johan Maurits, gwamnan Holan ne a yankin Birazil, kuma rake da bayi suka yi masa kuɗin, har mutanen zamaninsa suka laƙaba wa gidan suna gidan sukari. Shi ne ya aiko da jiragen da suka ƙwace Elmina, sansanin cinikin bayi a gaɓar tekun Gana, daga hannun 'yan Fotugal a 1637. Abokina ya karanta bayanin a bango, ya yi shiru, can ya ce, "Elmina na taɓa shiga ɗakunan ƙasan nan. Ashe nan kuɗin ya zo ya kwana."

A sama muka tarar da cincirindo gaban zanen Vermeer na yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u, wadda hotonta yake kan kofi da laima da jaka a kowane shago a ƙasar. Ƙarama ce, tsawonta bai kai kamu ɗaya na yadi ba. Ta waiwayo kamar an kira ta tana kan hanyar fita, baki a ɗan buɗe, da ɗaurin kallabi shuɗi da rawaya wanda in ka gan shi a gidan biki a Kano ba za ka yi mamaki ba. Da na samu na matsa kusa sai na ga lu'ulu'un ma babu shi: ɗigon farin fenti ne a sama, da ɗan shafe mai haske a ƙasa, ko maƙalin da zai riƙe shi a kunne ba a zana ba. Ido ne ke ƙarasa sauran. A 1881 an yi gwanjonta a garin nan a kan gilda 2 da kwabo 30 na la'ada. Na tuna gilda 600 na mai burodi, na rasa dariya zan yi ko me.

Amma zanen da ya fi tsaya mini a gidan na Rembrandt ne, na 1661: samari biyu baƙar fata, ɗaya ya ɗora haɓa a kan hannun ɗan uwansa, ɗayan yana kallon gefe kamar zai ba wani amsa. Babu tire a hannunsu, ba su durƙusa a bayan kowa ba, su ne zanen. Masu bincike sun gano cewa a unguwar Rembrandt a Amsterdam akwai baƙaƙen fata 'yantattu, yawancinsu ma'aikatan jirgin ruwa da sojoji. Maƙwabtansa ne ke nan. Ni da mutumin Kumasi muka tsaya kafaɗa da kafaɗa muna kallonsu, sai da muka lura wasu Turawa sun koma kallon mu huɗun gaba ɗaya muka matsa.

Asabar ta biyu muka yi Amsterdam, tafiyar kamar awa ɗaya. Gidan Rembrandt muka fara zuwa, a titin Jodenbreestraat, kuma a nan ne na ji kamar a shagonmu nake. Ɗan mai injin niƙa ne daga Leiden, an haife shi a 1606. Ya shigo Amsterdam yana saurayi, kasuwa ta buɗe masa, manyan attajirai na layi ya zana su. A 1639 ya sayi wannan gida a kan gilda 13,000, biya kashi-kashi, kuma bai taɓa gama biya ba. Kuɗi na shigowa, amma mutum ne da ba ya iya wuce gwanjo. A watan Yulin 1656 ya miƙa wuya, ma'aikatan ofishin karayar arziki suka shigo da takarda da alƙalami suka bi gidan ɗaki-ɗaki suna rubuta abin da ke ciki, har abu 363: zane-zanensa da na wasu, kawunan sarakunan Rum na dutse, ƙwaryar dodon koɗi iri-iri, murjani, masu da kwari da baka, hular yaƙin Japan, fatar zaki da ta zakanya. Aka yi gwanjon komai, gidan ma ya bi a 1658.

To wannan takardar ta masu bin bashi ita ce ta dawo da gidan. Da aka tashi mayar da shi yadda yake a zamaninsa, ita aka ɗauko aka bi layi-layi: wannan yana zaure, wannan yana ɗakin baƙi, wannan yana sama. Da ya rabu da duniya ba a bin sa ko sisi, da ba a san irin kujerar da ya zauna a kai ba. Na tsaya a ɗakin tarkacen nasa ina tunanin akawun da ya yi rubutun, ko ya gaji, ko shi ma ya ɗaga fatar zakin ya shafa kafin ya rubuta ta. Na san aikin. Mai rubuta bashi yana ganin cikin gidan mutane fiye da maƙwabcinsu.

A ɗakin aikinsa wata ma'aikaciya tana nuna yadda ake haɗa fenti a da. Ta zuba garin launi a kan faffaɗan dutse, ta ɗiga mai, ta kama ɗan dutsen niƙa tana murzawa tana tattarowa, sak yadda kakarmu ke niƙa kayan miya. Jar ƙasa, farar dalma, baƙin ƙashi da aka ƙone. Sai ta ɗago wani ɗan shuɗin dutse ta ce wannan daga duwatsun Badakhshan na Afganistan ake kawo shi, kuma babu launin da ya kai shi tsada a lokacin. Na riƙe wannan a raina.

Ban fito gidan ina son Rembrandt gaba ɗaya ba. Matarsa Saskia ta rasu a 1642 tana da shekara 29, bayan sun binne jarirai uku, ta bar masa Titus yana goye. Matar da ta zo rainon yaron, Geertje Dircx, ta kai shi ƙara cewa ya yi mata alkawarin aure ya saɓa, shi kuma ya bi ta bayan fage aka kulle ta a gidan horon mata a garin Gouda, ta yi shekara biyar. Hannun da ya zana samarin nan biyu da mutunci, shi ne ya yi wannan. Daga baya Hendrickje Stoffels, matar da yake zaune da ita, da ɗansa Titus suka buɗe kamfanin sayar da zane da sunansu suka ɗauke shi a matsayin ma'aikaci, don masu bin bashi su rasa abin kamawa, dabarar da duk ɗan kasuwar da ya taɓa karyewa ya mayar da shago sunan ɗansa zai gane ba sai an fassara masa ba. A 1662 har kabarin Saskia ya sayar.

Daga nan muka wuce babban gidan tarihin ƙasar, Rijksmuseum. Shahararren zanen Rembrandt na 'yan sintirin gari, na 1642, wanda ake kira Sintirin Dare, yana ƙarshen dogon zaure, an kewaye shi da ɗakin gilashi saboda aikin bincike da gyara da aka fara tun 2019. Faɗinsa ya haura mita 4. Karo-karo mutanen cikinsa suka yi, kowa kimanin gilda 100, wani sama wani ƙasa gwargwadon inda aka tsayar da shi. Sunan dare da aka laƙaba masa kuskure ne, dattin shekaru ne ya duhunta shi. A 1715 da aka mayar da shi zauren hukumar gari, sai aka ga bai shiga tsakanin ƙofofi biyu ba, aka sa wuƙa aka rage shi ta kowane gefe, mutum biyu na hagu suka tafi da yankin. Na kalle shi, na yaba inuwar hannun kyaftin ɗin da ta faɗa kan rawayar rigar mataimakinsa, amma gaskiya hayaniya ta yi mini yawa, ta cikin zanen da ta wajensa.

Taku kaɗan daga nan sai ga mai zuba madara ta Vermeer. Ita ma ƙarama ce. Baiwar Allah ce 'yar aiki, kakkaura, ta naɗe hannun riga, tana tsiyaya madara daga tulun ƙasa zuwa kasko, siririn zare kamar ba ta son ɗigo ɗaya ya ɓace. Haske na shigowa ta taga daga hagu, gilashi ɗaya na tagar ya fashe. A bangon bayanta akwai ƙusa da 'yar inuwarta, da ramukan da aka cire wasu ƙusoshin. A ƙasa ga ɗan akwatin katako mai huji da kaskon garwashi a ciki, na ɗumama ƙafa, irin abin da tsofaffinmu ke yi da hunturu. A kan tebur kuwa burodi ne, cikin kwando da gutsattsari a gefe, an bi ɓawonsa da ƙananan ɗige-ɗigen haske har kana jin in ka taɓa zai yi ƙaras. Ban iya kallon burodin nan ban tuna littafin van Buyten ba. Sannan ga zanen da ta ɗaura a ƙugu, shuɗi mai zurfi wanda shekara fiye da 350 ba su kashe ba: dutsen Afganistan ɗin nan ne. Mutumin da ba ya iya biyan kuɗin burodi, shi ne ya ɗaura wa 'yar aikin kicin launi mafi tsada a duniya. Irinsu sun sha zuwa shagonmu, ana bin su na bara, su ce a sauko musu da ta sama. Ina jin haushinsu ina yaro. Mahaifinmu kuwa sai ya sa tsani, ya ce wanda idonsa ya san kaya ba ya iya komawa baya.

Da yamma muna neman inda za mu ci abinci muka hau wata faffaɗar gada a kan kanal ɗin Singel, sai ga wani ƙaton kan mutum na tagulla, gashi a hargitse. Yaron ya ce Multatuli ne, sunan alƙalami da ke nufin na sha wuya da yawa. Sunansa na yanka Eduard Douwes Dekker, an haife shi a 1820, ma'aikacin mulkin mallaka ne a tsibirin Jawa na Indonesiya. A 1856 aka tura shi gundumar Lebak, ya tarar da sarkin yankin na ƙwace wa talakawa dabbobin huɗa yana sa su aikin da ba biya. Ya kai ƙara sama, na sama suka ƙi taɓa sarkin don ta hannunsa suke mulki, ya ajiye aiki cikin 'yan watanni. A 1859, yana fama da talauci da bashi a wani ɗan ɗakin masauki a Brussels, ya rubuta Max Havelaar, aka buga a 1860, kuma a ƙarshen littafin ya ture jaruman labarin gefe ya fuskanci Sarki Willem na Uku kai tsaye. Da yaron ke ba ni labarin manomin da ake ƙwace wa dabbar huɗa duk lokacin da ya yi wata, ban ji baƙon abu ba. Kakanmu ya sha ba mu labarin jangali da aikin tilas a zamanin En'e, Bature na can gidansa a kan tudu, dogari ne a ƙofar gidanka.

A kan gadar nan kuma wani zare ya haɗe mini. Atamfar Holandis asalinta rinin kakin zuma ne na mutanen Jawa. Masana'antun Holan suka kwaikwaye shi da inji don su sayar musu, su kuwa suka raina shi saboda 'yan jijiyoyin da launi ke yi inda kakin ya tsage. Da kayan suka iso Afirka ta Yamma sai aibin ya zama ado. Kamfanin Vlisco na garin Helmond, wanda aka kafa a 1846, har yau shi yake yi. Waɗannan jijiyoyin su mahaifinmu ke ɗaga wa mata a hasken ƙofar shago ya ce ga shaidar ta gaske.

Muka biya ta cocin Westerkerk, inda aka binne Rembrandt a watan Oktoban 1669 a kabarin haya, ba dutse ba suna, yau ba wanda ya san gurbin. Titus ya riga shi da shekara ɗaya. A gefen cocin layin mutane ya miƙe zuwa gidan da Anne Frank, yarinya Bayahudiya mai rubuta labarin rayuwarta, ta ɓuya wa 'yan Nazi da iyalinta shekara biyu. Ba mu samu tikiti ba. Yaron dai ya gaya mini cewa bayan an kama su a 1944, wata ma'aikaciyar ofishin mahaifinta, Miep Gies, ita ta tsince takardun yarinyar daga ƙasa ta kulle a durowa ba ta karanta ba, har uban ya dawo shi kaɗai ta miƙa masa.

Gidan adana zanen Van Gogh a Amsterdam sai a Asabar ta ƙarshe. Na fara zuwa ni kaɗai ranar wata Laraba da aka tashe mu da wuri, na tarar ba a sayar da tikiti a ƙofa, sai ta intanet da lokacin da aka ba ka. Na koma Delft da jiƙaƙƙen takalmi.

Vincent van Gogh ɗan limamin coci ne, an haife shi a 1853. Ya yi yaron shagon sayar da zane aka sallame shi, ya yi koyarwa a Ingila, ya yi wa'azi a cikin masu haƙar kwal a Beljiyam har ya rabar da tufafinsa, nan ma aka ce ya yi yawa. Sai yana da shekara 27 ya kama zane, kuma shekara goma kacal ya yi yana yi, ya bar zanen fenti sama da 800. Duk tsawon lokacin ƙaninsa Theo ne ke ciyar da shi, kuɗi na zuwa daga Paris wata-wata. Abin ya dame shi, har ya nemi su mayar da shi ciniki: kuɗin da Theo ke aikowa ya zama kuɗin kaya, shi kuma ya riƙa tura zane. Wasiƙunsa zuwa ga Theo da suka rage sun kai kimanin 650, kuma a waɗanda aka baje aka fassara, tsakanin maganar launi da littattafai, sai ka ga lissafi: kuɗin ɗaki, kuɗin fenti, kuɗin yadin zane, saura kaza. Wan da ƙani ke riƙe da shi, kowa ya san nauyin wannan a zuciya, ko da ƙanin bai taɓa gori ba.

Zanensa na masu cin dankali, na 1885, duhu ne da launin ƙasa. Mutum biyar sun kewaye akushi ɗaya a ƙarƙashin fitilar kananzir, yatsu duk gaɓoɓi, wata na zuba gahawa. Ya ce so yake a ga cewa hannun da ke shiga akushin shi ne ya tona ƙasar. Na yi shekaru ina cin tuwo da manoman Kadawa a bakin kanal, na san hannuwan nan. Daga nan kana hawa bene launi na buɗewa, Paris, sai Arles a kudancin Faransa inda rawaya ta kama wuta, inda kuma ciwon ya kama shi ya yanke kunnensa a Disambar 1888. Da ƙafarsa ya kai kansa asibitin masu taɓin hankali a Saint-Rémy. Yana can aka aiko masa cewa matar Theo ta haihu ranar 31 ga Janairun 1890, namiji, an yi masa takwara. Barkar da ya aika ita ce rassan itacen almon da fararen furanni a kan shuɗin sama, zane mai natsuwa kamar ba daga wannan gidan ya fito ba. A Yulin shekarar ya harbi kansa, ya cika bayan kwana biyu yana da shekara 37. Wata shida tsakani Theo ya bi shi.

Aka bar Jo, matar Theo, tana da shekara 28, aurenta bai cika shekara biyu ba, da goyo, da ɗaruruwan zanen da kasuwa ba ta so, da tulin wasiƙu. Ta tattara ta koma Holan ta buɗe gidan saukar baƙi a Bussum don ta ci da kanta. Daga nan ta riƙa aika zanen wuraren nuni, tana sayar da kaɗan tana riƙe mafi yawa, tana rubuta abin da ya fita da abin da ya dawo. A 1905 ta shirya babban nuni a Amsterdam, zane sama da 450. A 1914 ta buga wasiƙun, a shekarar kuma ta sa aka ɗauko gawar mijinta aka kai ta kusa da ta wansa a ƙauyen Auvers na Faransa. Jaririn da aka yi wa barka da furanni, shi ne ya girma ya tsaya har aka buɗe wannan gidan a 1973. Hotonta na nan a bango, mace mai kallon tsaye. Mutane na wuce ta suna sauri zuwa zanensa na furannin rana.

Ban je Helmond ba, lokaci bai bari ba. Holandis ɗin da Hajiya ta sa rai, a Kwari na saya mata bayan na dawo, na kuma gaya mata gaskiya. Abin da na riƙo mata daga can ɗan kati ne mai hoton mai zuba madara. Ta sa tabarau ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ta san tsadar nono," in ji ta. "Dubi yadda take zubawa." Ta kai yatsa kan shuɗin. "Wannan kuma ba ya zuba."

Na ba ta labarin mai burodin da 'ya'ya goma sha ɗaya. Ta ce Allah ya rufa asiri. Sai na tambaye ta, littafin bashin shago fa, ko an san inda ya shiga bayan rasuwar Alhaji?

"Yana nan mana. Wa zai yar?" Ta aiki jikanta ya jawo tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Yana ƙasan zannuwanta, an naɗe shi a ƙyallen atamfa, bangon ya ci. "Me za ka yi da shi? Rabinsu sun mutu. Sauran ma ya yafe tun yana asibiti."

Na buɗe tsakiya. Rubutuna ne na ɗan aji huɗu, da shuɗin biro, haruffa manya-manya suna hawa layi suna sauka. Holandis turmi ɗaya, ta ba da naira goma sha biyar, ta ce sauran sai bayan Sallah.